Kafin ka zaɓi aisi, tambayi batirinka

A cikin kwamfutata akwai wata hira ta minti 47 da ban taɓa iya sakawa a iska ba. Na ɗauke ta ne a zauren wani dattijo da ya yi aikin jirgin ƙasa tun yana saurayi. Makirufona mai kyau ne, wurin kuma shiru, sai kukan kaji daga cikin gida. Tsakanin makirufon da na'urar ɗaukar sauti akwai wani ɗan akwatin ƙara ƙarfin murya da wani mai gyaran rediyo ya haɗa mini, yana aiki da ƙaramin batirin waya. Da na dawo na saurara, sai na tarar muryar tsohon tana iyo a cikin wani huci mai kama da yayyafi a kan rufin kwano. Duk inda ya yi dariya kuma, sautin sai ya kece. Na yi niyyar komawa bayan salla. Kafin sallar ta zo, Allah ya yi masa rasuwa.

Daga baya na buɗe akwatin. A tsakiyarsa akwai wani baƙin abu mai ƙafa takwas, an rubuta LM358 a bayansa. Mai gyaran bai cuce ni ba. Abin da ke cikin aljihun teburinsa ya saka, kuma abin ya yi aiki daidai gwargwadon yadda aka ƙera shi. Ni da shi ne ba mu yi wa kanmu tambayoyin da suka dace ba. Tun daga lokacin na shiga karatun takardun bayanai na waɗannan ƙananan na'urori, ni da na karanta aikin jarida a jami'a, har na kai ga matsayar da nake son karewa a yau: wanda zai haɗa amfilifayar farko mai aiki da ƙaramar wuta ya fara da batir, ya bi da makirufo, sannan yawan ninkin da yake bukata. Sunan aisi da farin jininsa su zo a ƙarshe, in ma sun zo.

Abin da ke cikin akwatin

Makirufo ba ya fitar da wuta mai yawa. Irin wanda 'yan jarida da masu wa'azi suka fi riƙewa, mai maganaɗisu da zaren waya a ciki, yakan ba da kimanin milibolt 2 idan sauti ya kai desibel 94, wato ƙara mai ƙarfi a daf da shi. Maganar mutum cikin natsuwa daga ɗan nesa tana iya zama kashi ɗaya cikin goma na wannan, milibolt 0.2. Na'urar da za ta karɓi sautin kuwa tana jiran wani abu da ya kai ɗaruruwan milibolt. Cike wannan giɓi shi ne aikin amfilifayar farko, kuma zuciyarta ita ce abin da injiniyoyi ke kira op-amp, masu gyara a kasuwanninmu kuma suke haɗa shi da 'yan uwansa su ce aisi.

Aisin yana da ƙofar shiga biyu da ta fita ɗaya. Yana duba bambancin da ke tsakanin biyun farko ya ninka shi sau dubbai. Da rizisto biyu ake horar da shi: a mayar da wani kaso na abin da ya fitar zuwa ƙofar shiga, sai ya tsaya a kan ninkin da aka ɗiba masa. Harold Black ne ya gano wannan dabara a 1927 yana aiki a kan layukan tarho a Amurka. Shahararren 741 ya fito daga kamfanin Fairchild a 1968, NE5532 daga Signetics a 1979, TL072 kuma daga Texas Instruments a ƙarshen shekarun 1970. Dukkansu an haife su ne a zamanin da teburin haɗa sauti ke jone da wutar bango, yana ba aisi bolt 15 sama da bolt 15 ƙasa, jimilla 30. Mu kuwa yau muna neman su yi aiki da bolt 3 ko 5. A nan gizo ke saƙa.

Tambaya ta farko: nawa batirin zai rage idan ya gaji?

Adadin da aka rubuta a jikin batir labarin ƙuruciyarsa ne. Batirin alkalin na tocila yana farawa da bolt 1.5, ya ƙare a wajen bolt 1. Guda biyu ke nan suna saukowa daga 3 zuwa 2. Batirin litiyam irin na waya yana tashi daga caji da 4.2, ya sauko zuwa wajen 3. Mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa 9, ƙananan batura shida ne a ciki, kuma yakan gangaro zuwa wajen 6 kafin a jefar da shi. Ƙaramin adadin shi ne na gaskiya ga mai ƙira, domin hira ba ta jiran sabon batir.

Yanzu a ɗora tsofaffin gwanaye a kan wannan ma'auni. Takardar Texas Instruments ta NE5532 ta ba da shawarar kada wutarsa ta gaza bolt 10 jimilla. Wasu kamfanonin da ke ƙera shi sun sauko zuwa 6. Ko ta wace takarda aka bi, batirin waya ba zai tayar da shi ba, mai bolt 9 kuma zai riƙe shi ne a bakin gaɓa. Ga shi da ci: kimanin miliyamfiya 8 yake zuƙa ko babu sauti. Batirin alkalin mai bolt 9 na ɗauke da wajen miliyamfiya 550 na awa guda, wato a lissafi ba zai wuce awa 70 ba. OPA1692, wanda aka ƙera musamman don kayan sauti na tafi-da-gidanka, yana cin 0.65 a kowane ɓangare, biyun 1.3, batirin nan zai kai shi kusan awa 400. Tsohon TL072 ma ɗan babbar wuta ne, kuma yana da wata muguwar ɗabi'a: idan siginar shiga ta matsa kusa da ƙasan wutar, abin da yake fitarwa kan juye gaba ɗaya.

Akwai kuma batun fili. Ka ɗauki wutar batir a matsayin ɗaki mai daɓe da rufi. Sauti yana lilo ne a tsakaninsu. Tsofaffin aisi ba sa iya kusantar daɓen ko rufin, sukan bar bolt ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane gefe. A ɗaki mai tsawon bolt 30 wannan ba asara ba ce. A ɗaki mai bolt 3.3, ɗakin ne ma ya ƙare. LM358 yana iya sauka kusa da daɓe, amma yakan tsaya kimanin bolt 1.5 ƙasa da rufi, don haka a kan 3.3 filinsa bai wuce 1.8 ba. Idan kuma aka ajiye tsakiyar sautin a rabin wutar, kamar yadda aka saba, ɗan abin da ya rage daga sama bai taka kara ya karya ba. Kecewar dariyar dattijona daga nan ta fito. Sababbin aisi da takardunsu ke cewa suna kaiwa daga bango zuwa bango sukan bar 'yan milibolt ne kawai a kowane gefe, sai kusan dukkan ɗakin ya zama na sauti.

Tambaya ta biyu: wane makirufo ne a gaba?

Kowane aisi yana da hucinsa na kansa, kuma duk abin da ya ninka muryar zai ninka hucin. Ana auna shi da nanobolt a kan tushen murabba'in hatiz. Sunan ma'aunin na da ban tsoro, amma amfani da shi da sauƙi: kunnen ɗan Adam yana ji har zuwa wajen hatiz 20,000, tushen wannan adadi kimanin 141 ne, sai ka ninka lambar takarda da 141 ka sami jimillar hucin.

LM358 yana da nanobolt 40. Sau 141, ya ba da kimanin mikrobolt 5.6. Muryar dattijo mikrobolt 200 ce. Muryar ta fi hucin sau 35 kacal, wajen desibel 31, kuma kunne yana jin wannan sarai. OPA1662 yana da 3.3. Shi kansa makirufon yana da nasa hucin, domin John Johnson da Harry Nyquist sun nuna a 1928 cewa duk wani abu mai turjiya ga wuta yana huci saboda zafi: om 200 na ba da wajen nanobolt 1.8, om 1,000 na ba da 4, om 10,000 na ba da 13. Idan aka haɗa na aisin da na makirufon, za a tashi da abin da bai kai 4 ba, wato ɗan sama da rabin mikrobolt. Hucin ya ragu sau goma, desibel 20. Tazarar da ke tsakanin hirar da za a watsa da wadda za ta tsufa a cikin kwamfuta ke nan.

Wannan lissafi yana kuma nuna inda ya kamata a daina kashe kuɗi. Tunda makirufon da kansa na kawo wajen nanobolt 2, aisin da ya sauka ƙasa da haka riba kaɗan zai ƙara, alhali yakan fi cin batir. Yana kuma nuna wani kuskure da na sha gani a zane-zanen da ake yaɗawa: a sayo aisi mai nanobolt 3, sannan a tare ƙofarsa da rizisto mai om 10,000. Riziston nan shi kaɗai na huci da 13. An sayi ingarma an ɗaure masa ƙafa.

Idan makirufon ɗan ƙaramin nan ne mai kama da maɓallin riga, wanda ke cikin wayoyi da abin maƙalawa a wuya, labarin ya sauya. Shi yana da taransisto a cikinsa, yana fitar da sigina da ta ninka ta mai maganaɗisu sau da yawa, kuma riziston da ke ciyar da shi, yawanci om 2,200, yana kawo wajen nanobolt 6. A nan aisi mai 8 ko 9, irin MCP6022, ya wadatar. Idan kuwa tushen sautin mai babbar turjiya ne, kamar faifan fizo da za ka manna a jikin garaya ko jita, sai wani huci na daban ya taso, wanda ke zuwa daga 'yar wutar da ƙofar aisin ke ja. Aisi mai ƙofar taransisto na gargajiya, irin NE5532 da OPA1662, ya fi dacewa da ƙaramar turjiya. Mai ƙofar FET ko CMOS kusan ba ya jan komai, don haka shi ne abokin babbar turjiya.

A lura da wani abu a takardar: a wane mita aka auna hucin? Aisin CMOS sukan fi huci a ƙananan mitoci, inda kaurin muryar namiji yake. Lambar MCP6022 ta 8.7 an auna ta ne a hatiz 10,000. A hatiz 100 ta fi haka sosai. Zanen da ke tsakiyar takarda ya fi babbar lambar shafin farko faɗin gaskiya.

Tambaya ta uku: sau nawa za a ninka?

Kowane aisi yana da wani jari da ake rabawa tsakanin ninki da faɗin mita. Mai jarin hatiz miliyan ɗaya, irin MCP6002, idan ka nemi ninki 100 zai bar maka hatiz 10,000 ne kawai, rabin abin da kunne ke ji. Mai miliyan 10 idan ka nemi ninki 1,000 zai faɗa ramin nan dai. Kuma tun kafin a kai iyakar, ƙarfin da aisin ke gyara kurakuransa da shi yana raguwa, sautin ya fara gurɓata.

Maganin ba shi da tsada. Da yawa daga cikin aisi masu ƙafa takwas tagwaye ne a gida ɗaya. A raba aikin: na farko ya ninka sau 32, na biyu sau 32, an sami 1,024. Da mai miliyan 10, kowane mataki na da filin da ya kai hatiz 300,000. A tsakaninsu a saka maɓallin ƙarawa da ragewa, domin babu aisin da zai ceci wanda ya ƙulle ninki a 1,000: dariyar da ta ba da milibolt 2 za ta nemi bolt 2, wanda daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa ya haura 5.6, a ɗakin da tsawonsa 3.3 ne.

Lambobi biyu da ake ruɗin mutane da su

Ta farko ita ce saurin hawa, wato bolt nawa aisin ke iya haurawa a cikin mikrosakan ɗaya. Masu talla na son ta domin tana da girma a ido. Amma sautin hatiz 20,000 mai ƙololuwar bolt 1.5 bai bukaci fiye da bolt 0.19 a mikrosakan ba. Aisin da ke da 2 ko 3 ya ninka bukatar sau goma. Biyan kuɗi don 50 a irin wannan akwati ado ne kawai.

Ta biyu ita ce alƙawarin bango zuwa bango a ƙofar shiga. Domin cika shi, masu ƙira sukan saka rukunin taransisto biyu da ke karɓeɓeniya, kuma a daidai inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya, wajen bolt ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙasa da rufi, akan sami ɗan tuntuɓe da ke gurɓata sauti. A wutar bolt 3, rabin wutar na iya faɗawa daidai kan wannan gaɓa. Ana kauce mata ta hanyar sauke tsakiyar sautin ƙasa kaɗan a matakin farko, da haɗa mataki na biyu ta ƙofar da ke juya sigina, ko a nemi aisi irin OPA365 da aka ƙera ba tare da wannan karɓeɓeniya ba. A ƙofar fita ne ƙaramar wuta ta fi bukatar bango zuwa bango.

Abin da masu ja za su ce

Mai gyara zai ce: malam, ka faɗi sunaye masu daɗi, amma a shagon da nake saye LM358 da TL072 da 4558 ne kawai, kuma da babu gara ba daɗi. Yana da gaskiya, kuma hujjarsa ta fi kowace nauyi. Sababbin aisin nan sai an yi odarsu, da yawansu kuma ba su da dogayen ƙafafun da ake sokawa a rami. OPA1662 a saman allo ake liƙa shi, sai da hannu mai natsuwa ko ɗan allon da ke mayar da shi mai ƙafa. Amsata ita ce, idan kasuwa ta hana ka sauya aisi, to sauya batir. NE5532 na gaske a kan batura biyu masu bolt 9 zai ba da sautin da ɗakunan ɗaukar waƙa suka dogara da shi shekara da shekaru. Ko LM358, in ya zama dole, ana rage kecewar da yake yi a tsakiyar lilo da rizisto ɗaya daga ƙofar fita zuwa ƙasa, a kuma bar shi ga makirufo mai ƙarfin sigina. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki aisin bolt 30 a jona shi da bolt 3 don kawai sunansa ya shahara, ko a ɗora wa mai huci 40 muryar da ba ta kai milibolt ɗaya ba. Araha ba ta ado.

Wani zai ce kunnensa ya fi takarda: ya cire wannan aisi ya soka wancan, ya ji sauti ya buɗe. Ban ƙaryata cewa ya ji wani abu ba. Sai dai sau da yawa abin da ya ji alamar matsala ce: aisi mai sauri da aka soka a allon da ba a shirya masa ba yana iya kama rawa a mitar da kunne ba ya ji, ya yi zafi, ya cinye batir, ya sauya sautin. Kafasito mai nanofarad 100 a gindin ƙafafun wutarsa ne maganin farko. Ga kuma jabu: ana goge bayan aisi mai araha a buga masa suna mai tsada, kuma kama da wane ba ta wane. Gwaji mafi sauƙi shi ne auna wutar da yake ci a zaune a gwada da takarda. Wanda aka ce NE5532 ne amma yana cin miliyamfiya ɗaya, wani ne ya ari rigarsa.

Na uku zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, a sayi na'urar kamfani a huta. Ga wanda ke da kuɗin, shawara ce mai kyau, ni ma yanzu da irinta nake fita aiki. Amma ƙananan gidajen rediyo, da masallatai, da makarantu, da matasan da ke fara shirin murya a intanet, da yawansu hannun mai gyara ne gatansu, kuma inda wuta ba ta tsayawa batir ne abin dogaro. Su ne suka fi bukatar a yi zaɓin nan daidai.

Abin da zan saka a yau

Da zan koma wurin mai gyaran nan da makirufona mai maganaɗisu da batirin litiyam guda, OPA1662 zan kai masa, domin yana aiki tun daga bolt 3, yana cin miliyamfiya 1.5 a kowane ɓangare, mataki biyu da maɓalli a tsakani. Da batura biyu na tocila da ƙaramin makirufon maƙalawa, zan nemi wanda ke sauka ƙasa da 2.5: OPA365 na farawa daga 2.2, MCP6002 daga 1.8 ga wanda magana kawai zai ɗauka kuma ya yarda da huci 28. Da bolt 5 na abin cajin waya, OPA1692 ko OPA1678, tare da tace wutar da rizisto da babban kafasito, domin waɗannan na'urorin caji suna da tasu ƙarar. Zan sa a rufe komai a akwatin ƙarfe, a kuma tare ƙofar shiga da ƙaramin kafasito, saboda ɓurarin nan na hatiz 217 da wayar GSM ke cusawa a lasifika gab da shigowar kira.

Sunayen nan za su tsufa, wasu su maye gurbinsu, kamar yadda suka maye gurbin 741. Tambayoyin ukun dai za su ci gaba da aiki a kan kowace sabuwar takarda. Kafin ka fita ɗaukar muryar da ba lallai ka sake samu ba, saka tsohon batir a akwatinka, ka ɗauki minti ɗaya na shiru da minti ɗaya na dariya, ka saurara da abin sawa a kunne. Ni ban yi hakan ba, kuma hirar tana nan a inda na ajiye ta.